Karya Farashi Ba Zai Raya Sabon Kamfanin Masaukin Shafukan Intanet Ba

Ra'ayin da ya fi rinjaye a tsakanin matasan da ke shiga sana'ar ba da hayar masaukin shafukan intanet, wato ajiye shafin mutum ko na kamfani a wata babbar kwamfuta da ake kira sabar domin jama'a su iya buɗe shi dare da rana, shi ne wai sabon shiga ba shi da makamin da ya wuce karya farashi da alkawarin wurin ajiya "marar iyaka". Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma illarsa ta fi tsanani a Najeriya, inda ake karɓar kuɗin haya da naira, alhali mafi yawan abin da sana'ar ta dogara da shi da dala ake biya.

An kwaikwayo dabarar ce daga manyan kamfanoni irin su Hostinger da Bluehost, waɗanda ke tallata farashin 'yan daloli kaɗan a wata, sai dai masu kwaikwayon ba su lura da cewa wannan farashi yana tare da sharaɗin biyan kuɗin dogon lokaci a dunƙule ba, kuma idan wa'adin sabunta haya ya zo farashin yakan tashi sosai. Kamfanin da ke da miliyoyin abokan ciniki zai iya jure asarar shekarar farko saboda yana da inda zai fanshe, amma wanda ke da sabar ɗaya da abokan ciniki ɗari biyu uwar kuɗinsa kawai yake ci.

Lissafin ma a fili yake. A shekarar 2019 kamfanin cPanel, mai manhajar da abokin ciniki ke sarrafa shafinsa da imel ɗinsa da ita, ya daina karɓar kuɗi guda a kan kowace sabar, ya koma caji bisa yawan asusun da ke cikinta, ta yadda kowane sabon ɗan haya ya zama ƙarin kashe kuɗi. Kamfanin Verisign, mai kula da adireshin .com, ya ɗaga farashin sari daga dala 7.85 zuwa dala 10.26 tsakanin 2021 da 2024. Sannan a watan Yuni na 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki darajar naira, dalar da ke kusan naira 460 a kasuwar gwamnati ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Saboda haka duk wanda ya karɓi kuɗin shekara uku a farkon 2023 a farashi mai rahusa ya wayi gari nauyin da ke kansa ya ninka sau uku, kuma ba shi da bakin neman ƙari, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Abin da ya fi muni shi ne yadda araha ke ɓata aikin kansa. Masaukin tarayya, inda shafuka da yawa ke raba sabar ɗaya, kamar gidan haya ne mai famfo ɗaya, kuma hanyar da ta rage wa mai farashin ƙasa ita ce ya cusa 'yan haya fiye da kima. Ranar da wata makarantar kuɗi a Kano ta saki sakamakon jarrabawa, iyaye suka yi ca a kan shafinta da wayoyinsu, shafin ya tsaya cik, shugaban makarantar ba zai tuna rangwamen da aka yi masa ba, lambar da yake bugawa ba a ɗauka kawai zai tuna. Alkawarin "marar iyaka" kuwa bai dace da ɗan kasuwa mai mutunci ba, tun da kowane faifan ajiya yana da iyakarsa.

Masu kare araha sukan ce ba wanda ya san sabon kamfani, to da me zai jawo mutane? Zai jawo su da abin da ba lalle ne kamfanin Amurka ko na Turai ya ba su ba: mutumin da zai ɗauki waya ya yi bayani da Hausa, biya da naira ta banki ba tare da wahalar katin dala ba, rajistar adireshin .ng da hukumar NiRA ke kula da shi, da kwafin ajiya na kullum wanda aka gwada aka tabbatar ana iya dawo da shafi daga gare shi. Tallan da ya fi amfani shi ne ƙulla hulɗa da masu gina shafuka, domin galibi su ne ke zaɓa wa makarantu da asibitoci da shaguna masauki. Idan har rangwame ya zama dole, a yi shi a kan ɗauko shafi daga tsohon masauki kyauta, a bar kuɗin haya a shekara-shekara, a kuma rubuta farashin sabuntawa ɓaro-ɓaro tun ranar farko.