Gemu Ba Ya Hana Ilimi, Amma Sai da Shiri

A makarantunmu na sakandare da asibitocinmu akwai mutane masu yawa da suka taɓa ƙudurin zama likitoci, amma hali bai yi ba. Wani malamin kimiyya ne, wata ma'aikaciyar jinya ce ko unguwarzoma, wata kuma aure ne ya tsayar da karatunta shekara goma da suka wuce. In irin waɗannan suka zo neman shawara, tambayarsu ɗaya ce: "Anya shekaruna ba su wuce ba?" A ganina wannan tambaya ba ita ce ta fi muhimmanci ba. Abin da ya kamata mutum ya tambayi kansa shi ne ko ya shirya, kuma shiri abu ne da ake iya aunawa tun kafin a sayi takardar neman shiga jami'a.

Bari mu fara kawar da batun shekaru. Albert Schweitzer, wanda aka haifa a 1875, ya riga ya yi suna a fannin falsafa da kiɗa kafin ya shiga karatun likita a 1905, yana da shekara 30. A 1913 ya kafa asibiti a Lambarene, cikin ƙasar Gabon ta yau, inda ya yi aiki har ƙarshen rayuwarsa a 1965. A Amurka ma ba a shiga makarantar likita sai an gama digiri na farko, a Ingila kuwa tun shekarar 2000 wasu jami'o'i ke da tsarin shekara huɗu domin masu digiri. Ashe ke nan ƙwaƙwalwar ɗan shekara 30 ba ta gaza ɗaukar wannan karatu ba.

To, da me za a auna shiri? Ma'auni na farko shi ne takardu. A Nijeriya ana bukatar kiredit biyar a jarrabawar gama sakandare: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, kuma jami'o'i da yawa suna son a same su a zama ɗaya. Ƙofofin shiga biyu ne. Ta farko ita ce jarrabawar hukumar JAMB, wadda ke kai ɗalibi aji ɗaya ya yi shekara shida. Ta biyu ita ce shiga kai tsaye zuwa aji biyu, ga mai sakamako mai kyau a jarrabawa irin ta IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke gudanarwa, ko mai digiri mai daraja a wani fannin kimiyya da ya danganci lafiya. Sharuɗɗan wannan ƙofa sun bambanta daga jami'a zuwa jami'a, kuma ba kowace ce ke karɓar takardar jinya ko ta malanta ba. Saboda haka sai mutum ya karanta sharuɗɗan jami'ar da yake so da idonsa, kada ya dogara da "an ce".

Ma'auni na biyu, wanda ya fi na farko nauyi, shi ne ko ilimin da ke kan takardar yana nan a ka. Takardar shaida ba ta tsufa, amma ilimin da ba a amfani da shi yakan dushe. Jarrabawar JAMB tambayoyi 180 ce cikin awa biyu, a kan kwamfuta, watau daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Hanyar gwada kai mai sauƙi ce. Mutum ya sami tambayoyin shekarun baya, ya rufe littafi, ya ajiye agogo a gabansa, ya amsa, sa'an nan ya ba wani malami ya duba masa ba sani ba sabo. Ya maimaita haka sau da yawa cikin 'yan watanni. Gurbin likita yana cikin waɗanda aka fi rububinsu, domin hukumar da ke kula da aikin likitoci ta ƙasa ce ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace jami'a za ta ɗauka. In makin da mutum ke samu a gida bai kusanci abin da jami'arsa ta saba ɗauka ba, to lokaci bai yi ba. Sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne kurum, don haka jinkirin shekara guda a gyara Kemistiri ya fi a shiga a faɗi. Sannu ba ta hana zuwa.

Kada kuma a ɗauka samun gurbi shi ne ƙarshen wahala. Bayan shekarar farko ɗalibi zai fuskanci ilimin ƙirar jiki, da na yadda sassan jiki ke aiki, da na sinadaran da ke cikinsa, kuma akwai babbar jarrabawa a kansu wadda in aka yi ta faɗuwa a kan sallami ɗalibi. Wanda ya daɗe da barin aji ya kamata ya tabbatar zai iya zama awa uku ko huɗu a kan littafi kowace rana, mako bayan mako.

Ma'auni na uku shi ne lissafin lokaci da kuɗi. Karatun likita ba a yin sa da yamma ko a ƙarshen mako. Yana cin yini duka, in an shiga asibiti har da kwana. Wanda ya shiga yana da shekara 30 zai gama yana da 36, ya ƙara shekara ɗaya ta aikin horo a asibiti kafin a ba shi cikakkiyar rajista. Wannan ma in ba a sami tsaiko ba, domin a 2022 yajin aikin malaman jami'a ya ɗauki wata takwas. Sauƙin da zai samu shi ne an ɗauke wa wanda ya haura shekara 30 lokacin gama digiri aikin bautar ƙasa. Amma wa zai riƙe gida a waɗannan shekaru? Shin ma'aikatarsa za ta ba shi hutun ƙaro karatu, da albashi ko babu? Matar aure ta zauna da maigidanta, magidanci ya zauna da iyalinsa, a yi magana a fili, a rubuta kuɗin makaranta da na littattafai da na cefane. Mutum yana iya barin karatu yana da ƙoƙari, in yunwa ta shiga gidansa.

Ma'auni na huɗu shi ne sanin aikin kansa. A nan babba ya fi yaro, musamman wanda ya fito daga asibiti. Unguwarzomar da ta karɓi haihuwa da tsakar dare ta san warin ɗakin, ta san yadda ake gaya wa dangi mummunan labari. Malamin makaranta kuwa, da bai taɓa ganin wannan ba, ya nemi izini ya yi 'yan makonni yana taimakawa a wani asibiti. In abin da ke jan sa shi ne farar riga da kiran "dakta", zai gane haka da wuri.

Wasu za su ce tunda gurabe kaɗan ne, gara a bar wa matasa, domin su za su fi daɗewa suna aiki. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma a duba. Wanda ya zama likita yana da shekara 37, ko da zai ajiye aiki a shekara 60, yana da shekara 23 a gabansa. Daɗin daɗawa, muna ganin yadda likitocinmu ke ficewa zuwa Ingila da Saudiyya. A ra'ayina, mutumin da ya riga ya kafa iyali a garinsu, ya san mutanensa da harshensu, ya fi wuyar tashi. Ba na cewa a sassauta masa jarrabawa. A auna shi da mudu ɗaya da kowa, in ya cika a ba shi gurbinsa.

Ku malamai, in tsohon ɗalibinku ya dawo da wannan buri, kada ku ce masa ya makara, kada kuma ku zuga shi don ku faranta masa. Ku ba shi tambayoyi da agogo, ku gaya masa gaskiyar makinsa. Ku kuma ɗalibai da ke aji yanzu, ku riƙe darussan nan biyar da kyau ko da ba ku ga hanyar jami'a a bana ba, domin takardar da kuka samu yau ita za ta buɗe muku ƙofa in hali ya yi bayan shekara goma.