Wa Ya Ce A Danne Mata Maɓalli?

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da ma'aikata, akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tsakaninmu, kuma lokaci ya yi da za a kira ta da sunanta: ganganci.

A hutun da ya wuce na je gida Garo, cikin ƙaramar hukumar Kabo, na tarar da ƙanena ya zabga tagumi. Babi uku na kundin digirinsa sun salwanta. Kwamfutarsa ta gwanjo ce, batirin ya daɗe da mutuwa, kuma in an ce ta kashe kanta sai ta yi minti biyar tana juya ɗigo. Mai shagon da yake aiki a ciki yana gaggawar kashe janareta, don kowa ya san yadda fetur ya koma tun cire tallafi a 2023. Sai yaro ya danne maɓallin wuta har allo ya yi baƙi. Washegari kundi ya ƙi buɗuwa. Ya kai ta birni wurin wani mai gyara, shi kuwa ko tambaya bai yi ba ya ce a yi mata fomat. Abin da ya rage ma ya bi ruwa.

Wai shin me muke zaton tana yi a waɗannan mintoci? Aiki take yi. Tana umartar kowace manhaja ta rufe, tana kwashe abin da ke ƙwaƙwalwarta zuwa faifai, ta sallami mai amfani da ita, sannan ta tsayar da ayyukan da ke gudana a ɓoye. Wanda ya yanke wuta a wannan hali ya bar rubutu rabi a faifai, rabi a iska.

Gano mai laifi kuwa ba ya bukatar boka. Fara fita daga asusunka kawai. In nan ne jinkirin yake, to wata manhajarka ce ta ƙi sakin aiki, kuma sau da yawa Windows kan rubuta sunanta a allo, mu ne ba ma karantawa. In fitar ta yi sauri amma kashewar ta ja, duba firinta da filashin da ke maƙale, ko sabuntawar da ake girkawa. Tun Windows 8, a 2012, akwai tsarin Fast Startup, wanda ke ajiye wani ɓangare na tsarin a faifai maimakon cikakkiyar kashewa. Riƙe Shift lokacin kashewa ka ga ko za a sami bambanci. Event Viewer ma yana ajiye bayanin abin da ya kawo cikas. Tsohon faifai mai juyawa kuwa, musanya shi da SSD ya fi fomat goma.

Za a ce mini wuta ba ta jiran kowa. Na yarda. To me ya hana a fara kashewa minti goma kafin janareta, a kuma ajiye kwafin kundi a waje biyu?

Ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu: maimakon liyafar ƙarshen zango, a ware yammaci ɗaya, a gayyato 'yan sashen kwamfuta su nuna wa 'yan ajin ƙarshe waɗannan matakai kafin a fara karɓar kundi.