Ba kowane shiru ne kunya ba

Akwai wata yarinya da na koyar a nan Tuboro, shekara biyu cur ba na jin muryarta sai wurin kiran suna. Mu malamai har yabonta muke yi: "Kai, yarinyar nan akwai kunya!" Ranar da na sa kowa ya tashi ya yi karatu gaban aji, jikinta ya ɗauki rawa, ta fita waje ta yi amai. Kafin jarrabawar BEPC ta daina zuwa. Wallahi har yau abin na damuna, don da bakina na yabi ciwon da ke cinta.

A kwalejin horon malamai an koya mana auna abin da yaro ya sani. Abin da ke hana shi buɗe baki kuwa, sai dai mu yi kirdado.

Masana suna da ma'auni. A 1987 wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Michael Liebowitz, ya tsara tambayoyi 24 na gane tsoron shiga mutane, a 1998 kuma La Greca da Lopez suka fitar da na matasa. Ina goyon bayan a auna yaranmu. Amma a ɗauko takardar yadda take a raba a aji? A'a. Cikin abubuwan da Liebowitz ke tambaya har da kallon baƙo cikin ido, da yin magana da na gaba da kai. To a nan, yaron da ya tsura wa babba ido ai marar tarbiyya ake ce masa. Fulani suna da sunan wannan kawaici, semteende, kuma abin alfahari ne. Da wannan takarda, yaro lafiyayye sai ya fito a jerin masu ciwo.

Ga kuma harshe. Yaron da ya tashi da Fulatanci ko Mbum, ka ce ya yi bayani da Faransanci, ya yi tsit don gudun dariyar 'yan aji. Je ka gan shi a filin ƙwallo, bakinsa ba ya hutawa. Akwai kuma waɗanda iyayensu suka baro ƙauye saboda masu garkuwa da mutane, ko suka tsallako daga Afirka ta Tsakiya. Shirunsu daban ne.

Abin da na lura da shi, mai kunya gaban manya yake sunkuyar da kai, cikin sa'o'insa ya sake. Mai tsoron nan kuwa, ko cikin ƙawaye, ko a kasuwa, ko a Islamiyya, yana son magana amma ta maƙale. Nan ya kamata tambaya ta dosa, da Fulatanci da Hausa, baki da baki, ba a gaban aji ba. Masu ba ɗalibai shawara da ke makarantun sakandare za su iya, in hukumar ilimi a Garwa ta zaunar da su da likitoci da iyaye aka gyara tambayoyin.

Kafin nan, bana na ware sunaye huɗu a bayan littafina. Lokacin tara nake leƙa su, in ga ko akwai wanda suke hira da shi.