MAIƘON JINI NA GADO DA CIWON ZUCIYA

A cikin watan Yuli na shekarar 2022 likitoci a ƙasar Niyu Zilan suka ɗura wa wani majinyaci sabon magani ta jijiya, wanda aka shirya don ya shiga hanta ya kashe aikin ƙwayar gado guda ɗaya, da nufin maiƙon jininsa ya sauka, ya zauna ƙasa har iyakar ransa. A 2025 kuma kamfanin magunguna na Amurka mai suna Eli Lilly ya saye kamfanin da ke wannan gwaji a kan kuɗi wajen dala biliyan 1. To, mai karatu ya iya tambaya, wace irin cuta ce ake zuba wa dukiya haka, kuma ina ruwanmu da ita? Amsar ta shafi gidaje da yawa waɗanda ba su san ta shafe su ba.

Maiƙon nan, wanda likitoci ke kira kolestarol, ba dafi ba ne. Jiki na bukatarsa wajen ginin kansa, kuma hanta ce ke yin mafi yawansa, abinci yana ƙara saura. Jini yakan ɗauke shi cikin waɗansu ƙananan ƙunshi, mafi hatsari daga cikinsu shi ne wanda ake kira LDL. Idan ya yi yawa sai ya riƙa kutsawa cikin bangon jijiyoyin da ke shayar da naman zuciya, yana taruwa sannu a hankali, hanyar jini tana ƙuntata. Mutum ya fara jin nauyi a ƙirji in ya hau tudu. Ran da tarin nan ya fashe, jini ya daskare a wurin, sai hanya ta toshe, sashen zuciya ya mutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun kashe mutum wajen miliyan 18.

YADDA AKA GANE GADO NE

A 1938 wani likita a birnin Oslo na ƙasar Norwe, Carl Müller, ya lura da waɗansu iyalai masu ƙulli a agara, masu maiƙo da yawa a jini, waɗanda ciwon ƙirji ke kamawa tun ba su tsufa ba. A 1964 Dokta Khachadurian a Beirut ta Labanon ya nuna cewa abin iri biyu ne: akwai wanda ya gada daga mahaifi ɗaya, akwai kuma wanda ya gada daga uwa da uba duka, shi ne mai tsanani.

Dalilin kuwa malamai biyu ne a Dalas ta Amurka, Michael Brown da Joseph Goldstein, suka tono shi a tsakanin 1973 da 1974, har aka ba su kyautar Nobel a 1985. Sun gano cewa ƙwayoyin jiki, musamman na hanta, suna da waɗansu ƙananan ƙugiyoyi masu tsamo LDL daga cikin jini. Wanda ya gaji lalatacciyar ƙwayar gado daga gefe ɗaya, rabin ƙugiyoyinsa ne ke aiki, maiƙonsa kuwa ya kan ninka na sauran mutane tun daga haihuwa. In ba a yi magani ba, wajen rabin mazan da ke haka zuciya kan buge su kafin su wuce shekara 50, mata kuwa sukan ɗan jinkirta. Wanda ya gada daga gefe biyu, yana iya kamuwa tun yana yaro.

Da can ana zaton mutum 1 ne cikin 500. Yanzu bincike ya nuna abin ya kai wajen mutum 1 cikin 250 zuwa 300 a duniya, kuma mafi yawansu ba su sani ba. A inda jama'a suka yaɗu daga kakanni kaɗan, kamar Turawan Afirka ta Kudu 'yan asalin Holan, ya kai 1 cikin 100 ko fiye.

SHAIDA DAGA ƊAYA GEFEN

An daɗe ana gardama ko maiƙon ne ke kawo ciwon zuciya, ko kuwa abokin tafiya ne kawai. Gado ne ya raba gardamar. A 2006 masu bincike a Amurka suka sami waɗansu baƙar fata, wajen 2 ko 3 cikin ɗari na waɗanda aka duba, da suka gaji akasin wancan hali. Wata ƙwayar gado mai suna PCSK9, wadda aikinta rage ƙugiyoyin hanta, ta raunana a jikinsu, saboda haka LDL nasu ya gaza na sauran da kashi 28 cikin ɗari. Da aka bi su shekara 15, sai aka ga ciwon jijiyoyin zuciya ya ragu a cikinsu da kashi 88 cikin ɗari. Wannan ƙwayar ce likitocin Niyu Zilan suka nufi kashewa.

Abin lura a nan shi ne, ragi kaɗan ya haifi kariya mai yawa, domin ya fara tun daga haihuwa. Watau ɓarnar maiƙo lissafi biyu gare ta, yawansa da kuma yawan shekarun da ya yi yana yawo cikin jini. Mai gadon maiƙo yana ɗan shekara 35 ya riga ya ɗauki kayan da wani sai ya kai 55 ko fiye zai ɗauka.

ABIN DA HOLAN TA YI

Maganin cutar ba sabo ba ne. Akira Endo na Japan ya samo tushensa daga funfuna a 1973, aka fara sayar da irinsa a Amurka a 1987. Sunan jinsin maganin statin, kuma yau yana cikin masu araha. Abin da ya yi wuya shi ne gano masu bukatarsa.

Daga 1994 zuwa 2014 ƙasar Holan ta bi wata dabara mai sauƙi. In an sami mutum ɗaya mai cutar, sai ma'aikatan lafiya su bi iyayensa da 'yan'uwansa da 'ya'yansa a gwada jininsu, gama kowane ɗayansu rabi da rabi ne, ko ya gada ko bai gada ba. Ta haka aka gano mutum fiye da 25,000. A 2019 aka bayyana sakamakon yara 214 da aka sa wa magani tun suna ƙanana. Kafin shekara 39, 1 cikin ɗari ne kurum ciwon zuciya ya taɓa, alhali cikin iyayensu masu cutar 26 cikin ɗari ne.

INDA YA SHAFE MU

Jama'armu sun riga sun san cutar sikila, sun kuma karɓi gwajin jini kafin aure. Amma akwai bambanci. A sikila sai uwa da uba sun haɗu yaro ke kamuwa, a nan kuwa mahaifi ɗaya ya isa. Har ila yau, inda ake auren zumunci cikin gidan da ke da cutar, hanyar samun yaro mai gadon gefe biyu tana ƙara buɗewa, kamar yadda aka gani a Labanon. Ba hana zumunci ake nufi ba, sani ake so kafin a ƙulla.

Kada kuma ƙiba ta ruɗe mu. Siriri mai aikin ƙarfi, wanda ba ya cin kitse, yana iya zama da maiƙon nan. Rage man shanu da kitse yana taimako, barin taba da kula da hawan jini sun zama tilas, amma ga mai gado abinci kaɗai ba ya wadatarwa. Ba kuma duk mai maiƙo da yawa ne ke da wannan gado ba, yawancin mutane nasu haɗin abinci ne da ƙananan halaye na gado masu yawa.

Alamun da ya kamata a kula da su ga su: gidan da namiji ya yi ciwon zuciya ko ya faɗi farat ɗaya kafin shekara 55, ko mace kafin 60, ƙulli mai tauri a agara ko bayan yatsun hannu, farin zobe kewaye da baƙin ido ga wanda bai kai 45 ba. Duk gidan da ya ga ɗaya daga cikinsu, sai 'yan gidan su je asibiti a auna maiƙon jininsu, manya da yara. Magani kuwa sai da umurnin likita, balle ga mace mai ciki.

Malaman makaranta da ma'aikatan ofis, ku ne ake kawo wa takardar asibiti a karanta, ku ne kuma ake jin maganarku a taron dangi. Gyaran ƙwayar gado yana matakin gwaji tukuna, amma awon jini da ƙwayar magani suna nan kusa. Hukumomin lafiya su ma ya kamata su sa likitoci su riƙa tambayar tarihin gida, su bi dangi in sun sami mutum ɗaya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya ba mu lafiya, amin.