A Ƙirga Kafin a Share: Magana a kan Birnin Darna

Ya ku malamai da fatake, maganarmu ta yau a kan Darna ce, wani birni na gabashin Libiya da ke zaune tsakanin dutsen Jabal Ahdar da Bahar Rum, inda masallacin Sahabbai yake da maƙabartarsa.

A watan Satumba na 2023, watau ƙarshen Safar 1445, guguwar da aka sa wa suna Daniel ta ɓarnata ƙasar Girka, kana ta haye teku ta sauka gaɓar Libiya. A garin Baida an auna ruwan sama milimita 414 a kwana guda, wajen inci 16 ke nan. Ƙoramar da ta ratsa tsakiyar Darna tana da madatsun ruwa biyu da wani kamfanin Yugoslabiya ya gina a shekarun 1970. Cikin daren 11 ga wata, mutane na barci, ta sama ta ɓalle, ruwanta ya taho ya karya ta ƙasa, ya kwashi unguwanni ya zuba a teku. Waɗanda aka tabbatar da rasuwarsu sun haura 4,000, waɗanda aka nema aka rasa kuwa dubbai ne, fiye da 40,000 kuma suka bar gidajensu a yankin. Allah ya jiƙan musulmi.

To, ruwa ya janye, masu sauran kwana suka komo. Wani ya iske gida a tsaye, amma laka ta cika ɗakuna. Wani ko harsashin ginin bai gane ba. An gargaɗe su da ruwan sha da ya gurɓata, da nakiyoyin yaƙin da ya wuce waɗanda ambaliya ta tono ta watsa. Wannan na masu magani da soja ne. Namu shi ne abin da ke biyo baya, domin wanda ya komo yana ɗokin ya ɗauki shebur ya share, ya ce abin da ya tafi ya tafi. Mu kuwa muna ganin lalle ya fara da alƙalami da shaidu biyu adilai, a rubuta abin da ya salwanta da abin da ya tsira, tun ba a taɓa kome ba. Yin haka bai rage haƙuri da kome ba, gama dukiyar da ke hannun ɗan kasuwa ba safai take zama tasa shi kaɗai ba.

Ku duba kanti guda. A cikinsa akwai ajiyar maƙwabci, da jarin da wani ya bayar a juya a raba riba, da kayan da aka ɗauko bashi. Ruwa ya cinye su tare, amma fiƙihun Malikiyya, wanda mutanen Libiya ke bi kamar yadda muke bi, bai haɗa hukuncinsu ba. Mai riƙon ajiya ba ya biya in ba sakaci ya yi ba. Mai juya jari shi ma amintacce ne, asara tana kan dukiyar sai in ya ƙetare sharaɗi. Bashi kuwa yana nan a wuyan mai shi ko da littafin lissafi ya jiƙe ya narke, sai dai a jinkirta wa wanda ba ya da shi har ya samu. Gidan haya in ya rushe, hayar ta warware. Abin da aka tsinta cikin laka kuma tsintuwa ce, a yi cigiyarsa shekara guda. Ina za a raba wannan da wancan in ba a rubuta ba? Ba banza ba ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Mafi nauyi shi ne gādo. A Darna akwai gidajen da uba da uwa da 'ya'ya suka tafi dare ɗaya. In ba a san wanda ya riga wani cikawa ba, Malikiyya ba sa gadar da sashensu daga sashe, kowa rayayyun magadansa ne ke cin gadonsa. Amma in wani ya shaida cewa ɗan ya rayu bayan uban, ko da sa'a guda ce, rabon ya sake. Saboda haka maganar wanda ya ciro mutum da sauran numfashi abar rubutawa ce tun bai manta ba. Wanda ya ɓace kuma, ba a ga gawarsa ba, matarsa ba ta shiga takaba da ra'ayin dangi. Asalin hukunci shi ne ta kai ƙara ga alƙali, a bincika, a yanka mata shekara 4, sa'an nan ta yi wata 4 da kwana 10. Malamai sun sassauta ga wanda ya ɓace a inda halaka ta rinjaya, kamar lokacin annoba, amma alƙali ke auna wannan. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar Red Cross suka yi gaskiya da suka ja kunne kada a yi gaggawar binne gawarwaki a rami guda ba tare da an rubuta kamanninsu ba. Cikin mamatan ma akwai baƙi 'yan Masar da Sudan masu neman abinci, danginsu na nesa suna jiran labari.

Ma'aunin nan na sakaci kuwa bai tsaya ga mai kanti ba. Madatsar ruwa ita ma ajiya ce a hannun hukuma. Tun 2022 wani masanin ruwa na Jami'ar Umar Mukhtar, Abdulwanis Ashur, ya rubuta cewa in ba a gyara madatsun nan ba, babbar ambaliya za ta halaka mutanen kwarin. Ruwan sama daga Allah yake, babu mai ja, amma tsagar da aka gani a gini aka ƙyale tana da mai ita. A watan Yuli na 2024 kotun Darna ta ɗaure ma'aikata 12, daga mai shekara 9 har mai shekara 27. Bankin Duniya kuma da abokan aikinsa sun ƙiyasta gyaran yankin a kan dala biliyan 1.8, lissafin gine-gine da hanyoyi ke nan, ban da ajiya da bashi da gādo da ke tsakanin mutane.