Aikin hutun 'yan firamare: a fara zana taswira kafin a buɗe ChatGPT

Duk dogon hutu labarin ɗaya ne a gidaje da yawa. Malama ta haɗa yara biyar 'yan aji biyar, ta ce su yi aiki kan zazzaɓin cizon sauro su kawo idan an dawo. Yaran su watse. Ana saura kwana biyu a koma, ɗaya daga cikinsu ya ruga wurin yayansa mai babbar waya, yayan ya kwafo bayani daga Google ko ChatGPT, a buga a shagon kwamfuta, a jera sunaye biyar a sama. An sami maki, amma ko ɗaya cikinsu ba zai iya bayanin abin da ke takardar ba.

Da yayan ya ba su minti talatin tun farkon hutu ya koya musu taswirar tunani, da ya fi yi musu amfani. Joseph Novak ne ya ɓullo da dabarar a Jami'ar Cornell ta Amurka a 1972, lokacin da yake bibiyar yadda yara ke fahimtar kimiyya. Ana rubuta kalmomi cikin akwatuna, a haɗa su da kibiya, kuma kowace kibiya a rubuta mata kalmar da ke nuna alaƙar akwatunan biyu.

Ana farawa da tambaya ɗaya a saman takarda: me ya sa zazzaɓi ke ƙaruwa da damina? Sai yaran su kawo abin da suka sani: ruwan sama, kwata, sauro, gidan sauro, asibiti. Daga nan a haɗa su. Ruwan sama “yana cika” kwata, sauro “yana ƙwai a” ruwan da ya kwanta, gidan sauro “yana hana” cizo. Duk inda yaro ya kasa sa wa kibiya kalma, nan ne bai gane ba, kuma nan ne ya kamata a nemi taimakon intanet.

Taswirar tana kuma raba aiki. Kowane reshe ya zama na yaro ɗaya, a rubuta sunansa a kai. Wani ya ƙirga kwatocin da ruwa ya kwanta a layinsu, wata ta tambayi gidaje biyar ko suna kwana a gidan sauro, wani ya zana rayuwar sauro daga ƙwai zuwa babba. Wanda ya yi lalaci, reshensa zai tsaya fayau kowa ya gani.

Manhajoji irin su XMind da SimpleMind suna Play Store, kuma suna da nau'in kyauta. CmapTools, wadda aka gina kan tsarin Novak, kyauta ce a kwamfuta. Duk da haka, ga 'yan firamare takarda da fensir ne ya kamata su zo farko, domin yara biyar ba za su iya sa hannu a fuskar waya ɗaya ba, kuma mai riƙe da wayar shi zai mamaye aikin. Amfanin waya shi ne a ɗauki hoton taswirar, a tura wa iyaye ta WhatsApp, a riƙa sabunta shi duk mako. Hoto ɗaya ba ya cin data mai yawa.

Wasu za su ce wannan wahala ce, yara hutu suke yi. Gaskiya ne ya fi kwafe ɗaukar lokaci. Sai dai zama biyu ko uku a sati shida bai hana kowa wasa ba, kuma yaron da ya zana kibiya da hannunsa zai iya tsayawa gaban aji ya yi bayani ba tare da yayansa a gefe ba.