Filin Mata: Gayyar Gyaran Turba

'Yan'uwana mata, yau zancen keke za mu yi, kada ku ce sha'anin maza ne. Tun da aka gama madatsar Bakolori kusa da Maradun cikin 1978, turbar bakin magudanar ruwa ita ce hanyar manoman Bakura da Mafara zuwa gonakin rani. Keke ke kai tumatir kasuwa ran Talata, shi ke kai yaranku makaranta. To, in damina ta cinye turba, wa ke kwana ba cefane? Ai mu ne.

Mu goma sha biyu muka tada gayya a unguwarmu. Samari su cike ramuka, su share ƙaya, mu kuwa mu dama kunu, yara su kai musu. Kuɗin karo-karonmu na faci da famfo ne, mata biyu ke riƙonsa. Bara da muka danƙa wa mutum guda, sai da aka yi wata uku ba gaisuwa.

Kada ku sa aikin ran kasuwa, ba mai zuwa. A fita tare, a komo kafin la'asar, kun dai san halin da daji ke ciki.